Mai ƙahon nan ba karkanda ba ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Daura. Wani ɗalibina ya kawo mini hoton ƙoƙon kan wata dabba mai manyan ƙahoni biyu a jere bisa hanci, wai a Masar aka tono shi. Na ce masa karkanda ce ta zamanin da. Na yi daidai kuwa?
Wata malama, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da fama da yara. Yadda kika siffanta hoton, dabbar da masana ke kira Arsinoitherium ce. A Fayum, kudu maso yammacin Alƙahira, aka fara tono ƙasusuwanta a farkon shekarun 1900, aka raɗa mata sunan Arsinoe, wata sarauniyar Masar ta zamanin da. Ta rayu fiye da shekara miliyan 30 da suka wuce.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Danginta na kusa giwa ce da rema, e, remar nan ta kan duwatsu.

Ki sake duba ƙahonin. Nata gefe da gefe suke, kuma ƙashi ne, shi ya sa suka zama dutse tare da kan. Na karkanda kuwa ɗaya gaba ɗaya baya, kuma ba ƙashi ba ne, irin sinadarin farce da gashi ne, ruɓewa yake yi a bar ƙoƙon kai fayau. Ƙafa ma ta raba gardama: yatsunta biyar, na karkanda uku. Ita karkanda da doki da jaki gida ɗaya suka fito.

Wadda ni ta fi burge ni ita ce Paraceratherium, 'yar uwar karkanda ta haƙiƙa, amma ko ƙaho ba ta da shi. An tono ta a Dera Bugti ta Pakistan, da Kazakistan, da Mongoliya, a 2021 ma aka bayyana wani sabon nau'inta daga lardin Gansu na ƙasar Sin. Tsayinta zuwa kafaɗa ya kusa mita 5, nauyinta an ƙiyasta tan 15 zuwa 20, ga dogon wuya na cin ganyen saman itace. Raƙumin da ya fi kowanne tsawo a kasuwar Mai'aduwa, da ƙyar tozonsa zai kai rabinta.

Yara ba su cika kama lissafi da baki ba. Ki samo igiya, ki fita da su filin makaranta ku auna mita 5 a ƙasa, su kwanta a jere su ƙirga yara nawa za su cike ta.