Kada ka sayar da keken kuros ɗinka a daren Lahadi

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun da asuba na ga tambayarka ina ɗaura takalmin fita aiki, kuma wallahi wuni na yi da ita a raina. Ka ce tseren siklokuros (kuros a taƙaice, wato tseren keke na hunturu da ake zagaye fili cikin laka, ciyawa da yashi) huɗu ka shiga daga Oktoba zuwa yau: biyu an cire ka saboda na gaba sun zagayo sun cim maka, ɗaya ka zo na ƙarshe, ɗaya kuma sarƙa ta tsinke. Ka ce a kwalta ba a barin ka a baya, amma da an shiga laka sai dattawa masu furfura su riƙa wuce ka ɗaya bayan ɗaya, shi ne kake tambaya ko ka sayar da keken ka koma titi ka huta.

Kada ka sayar. In ma za ka sayar, ba a wannan makon ba, ba kuma da zuciyar da ka rubuta saƙon nan da ita ba. Na duba lokacin da ka turo shi, sha ɗaya da wani abu na daren Lahadi. Na san wannan daren. Kaya suna jiƙe a bokiti, ƙafa tana zugi, ka buɗe sakamako a waya kana ta gangarawa ƙasa kana neman sunanka. Ni ma a irin wannan daren na taɓa ɗaukar hoton kekena, har na rubuta farashi.

Shekarata ta uku ce a kuros, cikin Disamba, wani ƙaramin tsere a wani ƙauye a Flanders ta Gabas, a Beljiyam. Kwana uku ana ruwa. Rabin filin makiyayar shanu ce, sauran gonar masara da aka girbe, irin lakar nan mai danƙo da ke cire wa mutum takalmi. Wata huɗu na yi ina karɓar aikin dare da na Asabar har na haɗa kuɗin keke na biyu, na hannu, don na gaji da ganin mutane suna sauya keke ni ina ta jan laka. Akwai wani a kulob ɗinmu, ba zan kama suna ba, har yau muna haɗuwa. Muka yi magana da shi: tserensa da safe ne, ni in tsaya masa a wurin sauyi, inda mai tsere ke ajiye keke mai laka ya karɓi mai tsabta, nawa da rana, shi ya tsaya mini. Na cika nawa alkawarin. Minti arba'in ina tsaye cikin caɓi har idon sawu, in karɓi kekensa, in ruga da shi wurin ruwa, in wanke da buroshi, in dawo kafin ya zagayo. Ruwan nan kamar ƙanƙara. Da ya gama, yatsuna ko mabuɗin mota ba sa iya riƙewa. Ya rungume ni, ya ce kada in damu, yana nan.

Ran nan kuma Allah ya ba ni tashi mai kyau. Ƙafata ta shiga feda a bugu ɗaya, na bi ta gefen dama, aka yi karo a kwanar farko na tsallake lafiya. Da muka gama zagayen farko ɗana, lokacin yana da shekara bakwai, yana bakin igiya yana tsalle yana ihu wai ni ne na sha ɗaya. Ban taɓa ganin kaina a wannan matsayin ba.

A zagaye na uku ciyawa da laka suka cushe tsakanin taya da ƙarfe, keken ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun siminti. Na ɗaga hannu tun daga nesa, na karya na shiga layin sauyi. Ba kowa. Kekena yana jingine da shinge, bokitina a gefensa, buroshi a ciki. Na yar da mai laka na ɗauki mai tsabta da kaina, na ce a raina wataƙila bayi ya zaga. Na sake zagayowa, mai lakar yana kwance inda na yar da shi, wani ma ya ture shi gefe da ƙafa. Na sake zagayowa, haka. To yanzu kekunan biyu duk sun cushe. A can ƙarshen gonar masara, wuri mafi nisa da wurin sauyi, na danna giya sai na ji ƙas, mai canza giyar baya ya ɓalle ya shige cikin wayoyin ƙafar keken. Na saɓa shi a kafaɗa na kama gudu, fiye da kilomita guda. Duk waɗanda na wuce a farko suka wuce ni, na gaba ma suka zagayo suka wuce. Da na iso layi alƙali ya fito ya miƙa hannu ya tare ni. Ba laifinsa, aikinsa ya yi. Ɗana bai ce uffan ba, ya zo ya kama bayan keken yana taya ni ja, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk wunin.

Na sami mutumin a cikin tanti, ya wanke jiki ya canza kaya, kofi a hannu, yana dariya da abokansa. Da ya gan ni ko tashi bai yi ba. Ya ce sanyi ne ya kama shi, kuma wai ai dama a baya-baya nake zuwa, sauya keke ba abin da zai ƙara mini. A gaban mutane, a gaban ɗana. Ban tanka ba, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba zai yi kyau ba. Na tuƙa mota har gida ba wanda ya yi magana. Shekara nawa ke nan, amma ko yanzu da nake rubutawa ina jin ɗacin a maƙogwarona. Da kuɗi na ranta masa ya hana ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ka wanke wa keke da hannunka cikin wannan sanyin!

Sauran kakar nan duk wanda ya tambaye ni yaya tsere sai in ba shi labarin mutumin. Na yi ta bayarwa har na haddace. Sai ƙarshen Fabrairu, bayan an rufe kaka, wani dattijo maƙwabcina da ya yi kuros a zamaninsa ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce in ɗauko agogona mu duba lokacin kowane zagaye. Ban so ba, amma muka duba. Zagaye na biyu, tun keken bai cushe ba, tun ban shiga layin sauyi ba, na riga na ƙara kusan daƙiƙa arba'in a kan na farko. Ashe na ƙone kaina a tashi don in riƙe matsayin da ƙafata ba ta kai ba. Abin da mutumin ya yi mini cin amana ne, har gobe ban janye wannan ba. Amma ko da ya tsaya, na sha ɗayan nan ba zan riƙe shi ba. Wata biyu na yi ina kallon laifinsa, nawa yana kwance cikin agogo ban leƙa ba.

Shi ya sa nake ce maka takardar sakamako lamba kawai ta ba ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to je ka duba zagayenka ɗaya bayan ɗaya. In na farko ya yi kyau sauran suna ta zubewa, tashi ne ke cin ka. In duk kusan ɗaya suke amma ana barin ka, matsalar hannu ce da ido.

Iska nawa kake sa wa taya? Ba ka faɗa ba, kuma ina zargin rabin matsalar nan take. Duk wanda ya fito daga titi yana tsoron taya mai laushi. Ni shekarata ta farko bar 3 nake bugawa, ina ta zamewa a kowace kwana ban san dalili ba. Yanzu nauyina kilo 74, a laka ina sauka wajen 1.6 ko 1.7 a taya marar tub, a yashi ma ƙasa da haka kaɗan. Tayar da faɗinta bai wuce milimita 33 ba, in ka cika ta tam da iska da me za ta kama ƙasa? Sayi ma'aunin iska na kirki, kada ka dogara da na jikin famfo. Ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a wurin atisaye har ka ji rim ya taɓa saiwa sau ɗaya, sai ka ɗan ƙara. Amma ba ranar tsere ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattawan nan da ke wuce ka, yawancinsu in ka ja su kwalta za ka bar su. Birki ne ba sa kamawa inda kake kamawa. Yi lissafi: a zagaye guda na kilomita biyu da rabi zuwa uku za ka iya samun kwana talatin. In a kowace kana zubar da daƙiƙa ɗaya, rabin minti ke nan, a zagaye shida minti uku. Ƙara abin da ke tafiya a sauka da hawa wajen katako, ƙara inda ka nace sai ka tuƙa alhali da ka sauka ka ruga da ƙafa ya fi sauri. Nan zagayen da aka yi maka ya fito. Nemi fili mai ciyawa, aje gora biyu, yi ta kewaya su kana kama birki kafin kwana ba a cikinta ba, idonka a mafita. Sauka da hawa sau ashirin, ko cinya za ta yi tsami. In kana da hali ka je Baal, cibiyar tsohon zakaran kuros Sven Nys da ke Balenberg, akwai filin da aka tanada don irin wannan.

Yashi ne kawai ban sha wuyarsa ba, don a Damagaram na koyi keke, a lungunan da taya ke nutsewa, da keken babana da ya fi ni tsawo. Ranar da na fara zuwa kallo a Koksijde, filin tsere mai yashi a Beljiyam, inda Niels Albert ya ci kambin duniya a 2012 'yan Beljiyam suka kwashe na ɗaya har na bakwai, na ga manya suna yin abin da muke yi muna yara: ka koma bayan sirdi, ka sassauta hannu, ka bar taya ta bi ramin da na gaba suka haƙa. Da ka ƙanƙame kan keke, ka faɗi.

Maganar sarƙa kuwa, laka tana cin ta fiye da yadda kake zato. Auna ta duk bayan 'yan makonni, kuma ka daina canza giya kana tsaye a kan feda a tsakiyar hawa. Ka aje ƙaramin ƙarfen nan da mai canza giyar baya yake rataye a jiki, guda ɗaya a mota. Ni sai da na yi asara na koya.

Akwai abin da ba ka rubuta ba amma na san yana ciki. In kai kaɗai ne baƙar fata a layin tashi, kuma ka zo na ƙarshe, sai ka ji kamar ba kanka kaɗai ka kunyata ba, kamar duk idon da ke bakin igiya kai yake kallo. Na ɗauki wannan kayan shekara biyu, kuma yana sa mutum ya yi tashin da ya fi ƙarfinsa don kada a ce. Sauke shi. Mutanen nan sun tsaya cikin ruwa ne don suna son wasan, kuma na sha jin sun fi ɗaga murya ga wanda ke ƙarshe yana jan keke cikin laka. Wani abu kuma, tunda hunturu ne Azahar da La'asar suna kusa da juna, ka riƙa sa darduma a mota da ruwan ɗumi a fulas don alwala. Na lura ranar da na yi sallata a natse kafin in hau layi, ko an cire ni ba na komawa gida da baƙin rai irin na da.

Ba wai ina haɗa mu da manya ba, amma duba zakaran kuros Mathieu van der Poel. A Bieles ta Luxembourg, Janairun 2017, faci ya yi ta yi a gasar duniya, Wout van Aert ya ci, shi ya zo na biyu yana hawaye a gaban duniya. Shekarar da ta biyo, a Valkenburg, a ƙasarsa ta Holan, bayan ya lashe kusan duk abin da aka yi a kakar, laka ta mayar da shi na uku, Van Aert ya sake ci. Mutumin nan dai shi ne a Liévin a 2025 ya ɗauki kambinsa na bakwai, ya kamo Erik De Vlaeminck a yawan kambin duniya. Na kalli tseren Valkenburg ɗin nan ya fi sau biyar, fuskarsa nake kallo a zagayen ƙarshe.

Tsere huɗu bai isa a yanke hukunci ba, ballantana kai da ba ka da makin da ake jera mutane da shi a layin tashi, daga layin baya ake tayar da kai, kafin ka ga kwanar farko na gaba sun ɓace. Ƙarasa kakar nan zuwa Fabrairu. Duba sakamakon nan da ya hana ka barci, ka ga wanda ya zo a gabanka kai tsaye, ka riƙe lambarsa, shi za ka bi a tsere na gaba. In kuma ba ka da mai tsaya maka a wurin sauyi, faɗa mini ranar da wurin. Zan zo da bokitina da buroshi, in ranta maka kekena na biyu in tsayinmu ya zo ɗaya, kuma ba zan gusa daga wurin ba sai na ga ka tsallake layi. Kafin Laraba turo mini nauyinka da irin tayar da kake hawa.