Musulunta kaɗai ba ta mai da mutum Bamalaye a Malesiya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk wanda ya musulunta a Malesiya ya zama Bamalaye, wato ɗan ƙabilar Malay a idon doka. A'a. Sashe na 160 na tsarin mulkin 1957 ya ce sai ya kasance Musulmi, yana jin harshen Malay, yana bin al'adar Malay, kuma asalinsa ya koma ga waɗanda aka haifa ko suka zauna a ƙasar ko Singafo kafin 'yancin kai. Abin da ya sa ake ja-in-ja a kan wane ne Bamalaye shi ne sashe na 153, wanda ya keɓe wa Malayawa da 'yan asalin jihohin Sabah da Sarawak kaso a aikin gwamnati da tallafin karatu. 'Yan asalin Sin da Indiya 'yan ƙasa ne cikakku, amma wannan kason ba nasu ba ne. Ka ga kamar takardar ɗan asalin jiha a Najeriya.