Tambaya da Amsa: Ruwan farko ya kwantar mana da rifita

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Mu wasu matasa ne masu sha'awar rediyon oba-oba anan Kano, da lasisinmu da komai, muka yi karo-karo muka haɗa rifita, wato na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta dan a ji da nisa, mai aiki a zangon rediyo na mita 2, muka ɗora eriyarta a kan ƙarfe mai tsawon mita 30 wajen Goron Dutse. Da hunturu har daga hanyar Wudil ana jinmu garau, amma tunda aka yi ruwan farko sai shuuu kawai, ko daga Kurna da ƙyar ake shiga, kuma abun mamaki mitar SWR, mai auna siginar da ke dawowa daga eriya, tana nuna lafiya lau. Wayar eriya RG-58 muka saya a Sabon Gari, kanekta (mahaɗin waya da eriya) PL-259, muka naɗe da baƙin salatif. Dan Allah ina matsalar take?
Daga mai karatu, Gwammaja

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ruwa ne ya shiga wayarku, ba sai na zo na duba ba. Shi PL-259 dama ba a yi shi dan ya hana ruwa ba, salatif kuma ranar Afrilu ta Kano da ke wuce digiri 40 ta gama narkar da gam ɗinsa tun kafin hadari ya haɗo. Saƙar jan ƙarfen nan da ke cikin waya tana zuƙar ruwa ne kamar lagwanin fitila. Ku yanke wayar kamar kamu ɗaya ƙasa da kanektan sama ku feɗe, in kun ga saƙar ta yi baƙi ko kore-kore maimakon ta riƙa sheƙi to ta tashi aiki, kar ma ku ɓata lokaci wajen shanya ta.

Ita mitar kuma yaudararku tayi. Wayar da ta lalace tana cinye siginar da ke tafiya da wadda ke dawowa, tunda ba abun da ya dawo sai mita ta ce komai daidai.

Amma gaskiya tun ran farko kun cuci kanku da RG-58. A kan megahaz 145, wato zangon mita 2 ɗin da kuke aiki a kai, mita 30 na wannan siririyar waya na cinye wajen desibel 6, wato in rifita ta fitar da wat 40 kusan 10 ne ke isa eriya, sauran ya tafi a ɗumama waya, haka ma wajen karɓa. Wayar Heliax mai kaurin rabin inci, LDF4-50A, asararsa a wannan tsawon bata kai desibel 1 ba. Eh da tsada, na sani, ku sake wani karo-karon. Wani zai ce muku wayar LMR-400 ta fi sauƙin kuɗi, tana da kyau a rediyon gida amma banda rifita, saboda rifita tana aikawa da karɓa lokaci ɗaya ne, gogayyar saƙa da fallen alminiyon da ke cikinta na haifar da ƙaraf-ƙaraf in ta kwana biyu iska na kaɗa ta. Wayar dish kuwa ko kyauta kar ku karɓa, ma'auninta om 75 ne, kayanku na om 50 ne, ba su dace da juna ba.

Kanekta ku sa nau'in N wanda aka yi dan girman wayar. Naɗin shi ne inda kowa ke ganganci. Salatif mai kyau tukuna, sai robar butil ɗin nan mai kama da cingam ku danna ta da yatsa ta rufe ko'ina, sai salatif kuma hawa uku, na ƙarshen daga ƙasa zuwa sama yadda kowane zagaye zai hau kan na ƙasansa kamar jerin kwanon rufi. Ƙarshen kar ku ja shi ya tsinke, ku yanka da almakashi, in ba haka ba zai warware.

Ku ɗaure wayar da ƙarfe duk bayan kamar mita 1, kar nauyinta ya rataya a wuyan kanekta, kuma kafin ta shiga ɗaki ku ɗan lanƙwasa ta ƙasa ta yi ciki dan ruwa ya ɗiga a waje. Batun tsawa, ku haɗa bayan wayar da ƙarfen a sama da ƙasa, a bakin ɗaki ku sa abun kare tsawa da ke haɗe da sandar jan ƙarfe da aka binne.

Wanda zai hau ya sa bel na hawa na gaske, ba igiyar guga ba, a kashe rifita kafin ya kai wajen eriya, kuma in kun hango gabas ta yi baƙi ku sauko da shi ko da saura naɗi ɗaya.