Matakalar benenmu ta ƙi zama kala ɗaya da katakon falo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Falonmu katakon iroko ne a ƙasa, ya kai shekara 15, ya yi duhu mai kyau kamar zuma. Yanzu mun sa an canza mana matakalar bene, kafinta ya ce shima iroko ne amma wlh rawaya-rawaya yake, ko kusa basu yi kama ba, kuma ba'a shafa masa komai ba tukuna. Cutata yayi ko kuwa? Kuma me zan shafa su zo ɗaya?
Wata uwargida daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ɗauki alhakin bawan Allah, ki sani iroko haka yake, sabon yanka rawaya ne, sai ya sha iska da haske na wasu watanni sannan yake rinewa ya koma ruwan ƙasa. Na falonki ya riga shi da shekara 15, ga kuma banish ɗin mai da ke kansa wanda shima ja-ja yake ƙarawa in ya tsufa. To kinga in kika matsa sai sun zama ɗaya yau-yau, baɗi matakalar zata fi falon duhu, shi yasa ni dai na fi son a bar ta da ɗan haske kaɗan, sauran lokaci zai cike.

Kar ki yarda da kalar da ke jikin gwangwani. Ki ce kafinta ya kawo miki guntayen da suka rage, a goge su da samfefa daidai yadda za'a goge matakalar, lamba 80, sai 120, a ƙare da 150, kullum ana bin tsawon katakon ba a gicciye ba. A shafa kala iri biyu ko uku, a ɗora banish a kai domin shi ne yake fito da ainihin kalar, in sun bushe ki ajiye su a ƙasan falon ki duba da rana, ki sake dubawa da daddare ƙarƙashin ƙwan lantarki. Mutane nan suke ganda, daga baya a zo ana kankara.

Iroko yana da maiƙo a jikinsa, a share shi da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) kafin shafawa, kuma mai gugar ya sa takunkumi don ƙurarsa tana kama hanci da fata. Banish shafi uku, na mai a bar shi ya kwana tsakanin kowane shafi, kuma a zaɓi mara ƙyalli sosai.

Tunda a gidan kuke kwana, a riƙa shafa mataki ɗaya na benen ana tsallake ɗaya don ku samu wajen takawa. In lokacin hunturu ne a rufe tagogi ta ɓangaren da ƙura ke shigowa, tsummokaran da suka jiƙe da mai kuma a shanya su a waje, in aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya kamawa da wuta da kansu.