Zauren Tambaya da Amsa: Tsadar Albasa, Ajin da Ba Rufi da 'Yan Bangar Siyasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne, daga Nijar ake kawo mana kaya. Masu saye suna cewa mu ke tsawwala farashi, alhali ribarmu ba ta ƙaru ba. Ina kuɗin ke tafiya, kuma mene ne abin yi?
Daga wani Alhaji, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hanya ce ke cinye kuɗin. Albasar Galmi ta jihar Tahoua ta saba bi ta Yamai, ta ratsa gabashin Burkina Faso ta Fada N'Gourma, ta shigo Gana ta wajen Bawku ko Paga. Da 'yan bindiga suka addabi gabashin Burkina, direbobi da yawa suka koma bi ta Gaya zuwa Benin da Togo. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa aka rufe iyakar Benin, motoci suka yi ta jira albasa na ruɓewa a kansu. A Bawku ma rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa an sha kafa dokar hana fita, wadda ke tilasta wa mota kwana a inda ba ta yi niyya ba.

Albasa ba ta jure jira. Idan zafi ya taru ƙarƙashin tamfol, buhunan ƙasa ne ke fara yin ruwa. Mai kaya kuwa ba zai ɗauki asarar shi kaɗai ba, sai ya raba ta a kan buhunan da suka tsira. Ga ƙarin man da doguwar hanya ta sha, ga ladan direban da ya sayar da ransa.

Sannan ga shingaye. Abin da ake karɓa a shinge guda ba ya da yawa, amma a tara su daga Galmi zuwa Kumasi a ga abin mamaki. Wanda ya fi ɓarna shi ne na wurin awon nauyi. Don ya mayar da kuɗinsa, mai mota yakan yi lodin da ya wuce ƙa'ida, ya ba da na goro a bar shi ya wuce. Nauyin ya fasa kwalta, ramuka su sa motoci tafiyar hawainiya, kuma a daidai irin waɗannan ramukan ne 'yan fashi ke tare hanya da dare. Nan za ka ga cin hanci ya haifi rashin tsaro da hannunsa. A wannan, mu faɗi gaskiya, 'yan kasuwa ma da nasu laifin.

Abin yi shi ne a cika takardu kafin mota ta tashi: takardar lafiyar amfanin gona, inshorar ƙetare iyaka, lasisin direba da takardar kwastan. Mai takarda guda da ta mutu ba shi da bakin gardama. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, a nemi rasit. Yaron mota ya riƙe littafi, ya rubuta rana, wuri da adadin abin da aka karɓa. Ƙungiyarku ta tara waɗannan na wata uku ta kai wa hukumar CHRAJ mai kare haƙƙin ɗan Adam da sauraron koke kan ma'aikatan gwamnati, ko sashen ladabtarwa na 'yan sanda, domin koken mutum ɗaya saurin ɓata yake yi. Ku kuma riƙa bin sanarwar kwastan, tun da Nijar da Burkina da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

TAMBAYA: An fara gina ajujuwa shida a makarantar 'ya'yanmu, aka kai linta aka tsaya. Yara na karatu a ƙarƙashin rumfa, in hadari ya taso a sallame su. Wa za mu tambaya?
Daga wata Hajiya, Aboabo

AMSA: Hajiya, fara da allon da aka kafa a bakin aikin, in yana nan. A kansa akan rubuta ɗan kwangila, wa'adin aiki da inda kuɗin ya fito. Yawanci ko dai asusun ilimi na GETFund ne, wanda aka kafa a 2000, ko asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce a zuba masa aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Akwai kuma Asusun Raya Zango na 2017. Sanin asusun shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ba kowane gini da ya tsaya ne sata ba. Ana biyan ɗan kwangila kashi-kashi, bayan injiniya ya duba ya sa hannu cewa an kai matakin da aka ce. Idan gwamnati ta yi jinkirin sakin kuɗi, farashin siminti da rodi ya gudu ya bar kwangilar. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin 100, ka ga kuɗin da aka tsara a farkon shekara ba zai yi rufi a ƙarshenta ba. Wani lokaci kuma sauyin gwamnati ne, duk da sashe na 35(7) na tsarin mulki ya ce sabuwar gwamnati ta ci gaba da ayyukan da ta tarar gwargwadon iko.

Satar takan shigo ta wajen sa hannun nan. A rubuta cewa an yi rufi, a biya, alhali ko katako ba a ɗora ba. Ko ɗan kwangila ya raba wa waɗanda suka ba shi aikin kasonsu, ragowar ba ta isa ba, sai ya rage siminti a bulo ko ya tattara kayansa.

Don a bambance, ku yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2019. Kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar iyaye ta rubuta wa jami'in bayanai na majalisar gundumarku, ta nemi abu uku: jimillar kuɗin kwangila, abin da aka biya zuwa yau, da takardun shaidar aikin da injiniya ya sa wa hannu. Ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Doka ta ba jami'in kwana 14 ya ba da amsa. In ya yi shiru, a ɗaukaka zuwa shugaban ma'aikatar, daga nan sai hukumar da ke kula da dokar. Ku ɗauki hoton ginin da kwanan wata. Idan takarda ta ce kashi 80 aka biya, ido kuma ya ga rabin aiki, wannan magana ce ta Ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman, mai binciken cin hanci. Ku tafi da ɗan majalisar unguwarku da wakilin Sarkin Zango, amma kada ku bari a mayar da abin na jam'iyya, nan take zai mutu.

Kada a raina kwanakin da ruwa ke cinyewa. Tun Satumbar 2017 babbar sakandare kyauta ce, amma yaron da ya bar aji huɗu bai iya karatu ba, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BECE za ta tsayar da shi kafin ya kai ga kyautar.

TAMBAYA: Ƙanena ya bar makaranta, yanzu yana bin wani ɗan siyasa a matsayin mai tsaronsa, shi da abokansa. Akwai hatsari a doka?
Daga wani Malam, Asawase

AMSA: Akwai, Malam, babba ma. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra, ranar 31 ga Janairun 2019, majalisar dokokin ƙasa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga. Hukuncin shiga irinsu ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ne, kuma in da makami ya fi haka. Wanda aka kama a fili shi ke shiga kurkuku, mai ba da kuɗin ba kasafai ake ganinsa a wurin ba.

Faɗa kaɗai ba zai raba shi da su ba, domin abin da yake samu a can ne ke riƙe shi. Ku sama masa madadi. In shekarunsa ba su ja ba, ya zauna jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu. In ya fi son aikin hannu, a kai shi wurin ubangida a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya koyi kanikanci ko walda, a yi yarjejeniya a rubuce kan shekarun koyo da kuɗin sallama, gaban shaidu biyu daga dangi.