Man birki yana raguwa, amma ban ga ɗigo a ƙasa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Volkswagen Beetle ƙirar 1965 da na gada. Kwanan nan man birkinta yake raguwa, duk mako sai na ƙara, kuma in na taka birki sai ya tafi ƙasa, sai na famfa sau biyu yake kamawa. Ban ga ɗigo a inda nake ajiye ta ba. Bakanike ya ce tsohuwar mota dole ta sha mai, in abin ya dame ni zai kashe ƙafar da ke yoyo, wato ya toshe mata hanyar man birki. Da iyali nake shiga, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye motar nan tukuna. Beetle ta 1965 layin birki guda gare ta, mai layi biyu sai a ƙarshen shekarun 1960 ta fito. Ranar da man ya tsiyaye, tayoyi huɗun za su rasa birki lokaci ɗaya, sai birkin hannu kawai ya rage maka.

Birki ba ya shan mai. A rufe yake, man da ya ragu wani wuri ya tafi. A mota irin taka, mai daram (kwanon ƙarfen da lainin birki ke kamawa daga ciki) a duk ƙafafu, na fi zargin ƙananan silindojin cikin taya. Ka leƙa bayan kowace taya da tocila, za ka ga jiƙa ko ƙura ta yi danƙo a gindin farantin birkin. In an cire daram, a ɗaga robar bakin silinda: muddin akwai mai a ciki, ta mutu. Lainin da ya sha mai kuma ba a wanke shi, canza shi ake yi, hagu da dama tare. Sai a duba masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, da tiyon roba, da bututun ƙarfe inda tsatsa ta ci. In ka danne birki ka riƙe, ya riƙa sulalewa ƙasa a hankali, kuma ba a ga yoyo a waje ba, robobin cikin masta ne. Famfawa sau biyu kuwa iska ce, ko lainin ya yi nisa da daram, don wannan motar da hannu ake saita ta.

Yanzu batun kashe ƙafa. Wallahi wannan magana ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Mutum ya ɗauki guduma ya daddage bututu, ko ya cusa ƙusa a bakinsa, ya ce ya gyara. Me ya gyara? Feda za ta yi tauri, mai mota ya ji daɗi, shi ya sa dabarar ta ƙi mutuwa. Amma ƙafa uku ke tsayar da mota. A tafiyar cikin gari ba za ka gane ba. Sai ranar da yaro ya tsallako titi ka taka da ƙarfi, gefe ɗaya ya kama, ɗayan ya ƙi, motar ta fizge sitiyari daga hannunka. In ana ruwa ma juyawa za ta yi. Bututun da aka daddage kuma ya riga ya yi rauni, kowane lokaci yana iya tsagewa. Duk wannan don a guje wa sayen silinda guda! Wanda ya yi wannan aiki ba shi zai shiga motar ba, matarka da 'ya'yanka ne za su shiga, alhakinsu kuwa yana wuyansa da na wanda ya yarda aka yi.

Bayan gyara a zubar da tsohon man gaba ɗaya, a zuba man birki samfurin DOT 3 ko DOT 4 daga kwalba mai hatimi, a cire iska a ƙafa huɗun. Man nan yana jan danshi: sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya sauka zuwa 155, don haka ake canza shi duk shekara biyu. Kada a haɗa shi da DOT 5, kada man inji ya kusanci kofin man birki, kumbura robobi yake yi. Zuwa gareji kuma a ɗauki motar a kan babbar mota, kada ka tuƙa ta.