Tsohon babur na gudu: me zan fara dubawa?

Ka ce ka sayi Honda CBR600 ta 1998, kana tambayar inda za ka fara. Ɗan'uwa, fara da tayoyi. Lambobi huɗu na ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙera ta. In ta haura shekara shida, canza ta ko da zanenta bai cinye ba, domin roba na bushewa. Nan mutane suka fi yin kuskure.

Sai man birki, a sauya duk shekara biyu. Babur ɗin nan ba shi da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an ja birki, don haka kada ka damƙe birkin gaba da ƙarfi. Fetur da ya daɗe a tanki yana toshe kafireta. Daidaita bawul na inji kuwa, bar wa ƙwararren bakanike.